Daren Da Muka Saurari Saukar Ɗan Adam A Wata Cikin Shagon Tela

A makon da ya gabata wata ɗaliba 'yar aji biyu na babbar sakandare daga Auyo ta aiko mana da tambaya. Ta ce malaminsu na kimiyya ya faɗa musu cewa mutane sun taɓa sauka a duniyar wata, amma yayanta ya nuna mata wani bidiyo a waya da ke cewa duk ƙarya ce, a ɗakin shirya fim aka haɗa hotunan. Ta ce ta rasa wanda za ta gaskata, malaminta ko yayanta, kuma ba ta son ta riƙa rubuta abu a jarrabawa alhali zuciyarta ba ta yarda da shi ba.

'Yata, madalla da wannan tambaya. Mu ma mun yi ta, tun muna yara a Kafin Hausa, domin a zamaninmu abin ya faru. Za mu ba ku labarin yadda muka ji shi a lokacin, da abin da muka gano bayan mun girma, sannan ku auna da kanku.

A shekarar 1969 muna aji biyar na firamare. Babu Jihar Jigawa a lokacin, sai a 1991 aka ƙirƙiro ta. Ƙasar Haɗejia tana cikin Jihar Kano, Audu Bako ne gwamna, Yakubu Gowon ne shugaban ƙasa. Da fam da sule da kwabo ake ciniki. Garinmu babu wutar lantarki, balle talabijin. Akwai dai gidan talabijin a Kaduna tun 1962, amma hotonsa bai iso mu ba. Abin da muke da shi shi ne akwatin rediyo mai cin batir, shi ma gidajen da ke da shi ba su fi a ƙirga da yatsu ba. A unguwarmu wani tela ne ke da shi, kuma shagonsa ne majalisar manya da daddare.

Ku sani ba don labarin wata manya ke taruwa a wurin ba. Ƙasa tana cikin yaƙin basasa, wanda aka fara a watan Yulin 1967, bai ƙare ba sai Janairun 1970. Kusan kowace unguwa akwai wanda ɗansa ko ƙanensa ya shiga soja. Saboda haka in tela ya murɗo Rediyon Kaduna ko sashen Hausa na BBC, abin da kowa ke kasa kunne ya ji shi ne labarin bakin daga. Ga kuma damina ta kankama, hankalin magidanta yana kan noman gero da dawa, da yadda ruwa ke hauhawa a fadama.

Malaminmu na aji ne ya fara kawo mana zancen. Ya zana ƙwallo babba da ƙarami a allo, ya ce wannan duniya, wannan wata. Ya ce ranar Laraba, 16 ga Yuli, Amurkawa sun harba wani kumbo mai suna Apollo 11 daga jihar Florida da mutum uku a ciki: Neil Armstrong da Buzz Aldrin da Michael Collins. Ya ce in Allah ya yarda daren Lahadi za su sauka. Wani daga cikinmu ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to ai watan bai cika ba, ina za su sami wurin tsayawa?" Muka fashe da dariya, amma gaskiya duk abin da ke ranmu ke nan. Malam bai yi fushi ba. Ya ce wata kullum a cike yake kamar ƙwallo, gefen da rana ta haska ne kawai muke gani.

Daren Lahadi, 20 ga Yuli, bayan sallar isha'i, malam ya zo shagon tela ya roƙi a ba shi rediyon. Ya jawo eriya, ya yi ta murɗawa a gajeren zango har ya kamo wata tasha da ake magana da Turanci. Mu yara muka laɓe a bakin ƙofa, domin ba a zama cikin manya. Ba ma jin komai sai ƙara kamar ana suyar gyaɗa, da muryoyi suna zuwa suna ɓacewa. Malam ya manna kunnensa da akwatin, yana ji yana fassarawa. Can sai ya miƙe tsaye ya ce, "Sun sauka!"

Babu wanda ya yi tafi. Shiru aka yi na ɗan lokaci, sannan gardama ta ɓarke. Wani dattijo masunci ya ce shi dai bai yarda ba, Bature ya iya shirya magana. Wani ya ce in dai sun iya yin jirgin sama da ke kai alhazai Makka daga Kano, me zai hana su yi wannan? Wani kuma ya ce shiga hurumin Allah ne. Limamin unguwa, wanda bai cika yawan magana ba, ya ce wata halitta ce kamar dutse da kogi, kuma duk inda ɗan Adam ya kai ƙafarsa bai fita daga mulkin Ubangiji ba; in sun je da ikonSa suka je, in ba su je ba gaskiya za ta yi halinta. Ana cikin haka sai wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda ɗanta ke bakin daga, ta leƙo don ta ji hayaniya ta yi yawa. Ta ce wa malam, "Ɗan nan, an ce an daina yaƙin ne?" Ya ce, "A'a Inna, mutane ne suka sauka a wata." Ta ce, "To, Allah ya dawo da su wurin iyayensu lafiya." Ta juya ta koma gida.

Mu kuwa muka ruga waje muka ɗaga kai sama, muna ƙura wa wata ido ko za mu hango wani abu yana motsi. Wani abokinmu ya rantse ya ga ɗigo baƙi yana tafiya. Ba a jima ba aka kora mu muka je muka kwanta.

Wannan shi ne abin da muka riƙe na yarinta. Bayan shekaru masu yawa, mun zama malaman makaranta da manoma da 'yan kasuwa, wasu sun riga mu gidan gaskiya, sai muka haɗu da sauran 'yan ajinmu a wurin wani ɗaurin aure a Haɗejia. Hira ta kawo mu kan wannan dare. Nan muka ga abin mamaki: kowa da irin nasa labarin.

Yawancinmu mun tuna cewa farin wata ne tas a daren, irin wanda 'yan mata ke fita gaɗa a dandali, samari na langa. Ɗaya daga cikinmu ya ce shi ya ga Armstrong da idonsa yana saukowa daga tsani a wannan daren. Wani ya ce muna tsaye a waje muna kallon wata a daidai lokacin da mutumin ya taka shi. Kowannenmu da gaskiyarsa yake magana, babu mai niyyar yin ƙarya. Sai muka ce bari mu bincika.

Da muka duba kalanda, 20 ga Yulin 1969 ta faɗo a farkon watan Jimada Auwal na shekarar 1389 bayan Hijira. Wata yana da kwana biyar zuwa shida da tsayuwa, ko rabi bai cika ba, kuma irin wannan watan yakan faɗi kafin tsakar dare. Ashe farin watan da muke tunawa na wasu darare ne dabam, ƙwaƙwalwa ta ɗauko shi ta liƙa a nan. Kuma da gangan masu shirya tafiyar suka zaɓi wannan lokaci. Suna son kumbon ya sauka sa'ad da rana ke fitowa a wurin, domin inuwar duwatsu da ramuka ta yi tsawo, matuƙi ya gane inda zai kauce wa.

Da muka duba lokaci, kumbon ya sauka da ƙarfe 9:17 na dare agogon Nijeriya, wannan ya yi daidai da abin da muka tuna. Amma Armstrong bai fito ya taka ƙasar wata ba sai ƙarfe 3:56 na asubahin Litinin, 21 ga Yuli. A lokacin muna ta sharar barci, watan ma ya daɗe da faɗuwa a sararin Kafin Hausa. Shi kuwa abokinmu da ya ga ana saukowa daga tsani, ya gani ɗin, amma ba a daren ba. A majigi ya gani, lokacin da motar majigi ta zo gari da rani aka kafa farin ƙyalle a fili, watanni bayan an yi abin. Muna tare da shi. Tsawon zamani ne ya haɗe masa darare biyu suka zama ɗaya. Ɗigon da wancan ya hango kuwa, ƙaramin kumbon da ya sauka tsayinsa bai wuce mita 7 ba, wata kuma yana da nisan kimanin kilomita 384,400 daga nan. Babu idon da zai hango shi.

Darasi na farko ke nan, ɗalibai. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma ga shi mu da muka ji da kunnenmu, muka gani a majigi, mun cuɗanya labarin. Don haka ba za mu ce wa 'yarmu ta Auyo ta yarda don mu tsofaffi mun ce mun shaida ba. Abin da ya kamata ta tambaye mu, ta tambayi malaminta, ta tambayi mai bidiyon, shi ne: mece ce hujjarku, kuma wa zai iya gwada ta?

Ga hujjojin da muka samu.

Ta farko, duwatsu. Armstrong da Aldrin sun yi kimanin awa biyu da rabi a waje, suka kwaso duwatsu da ƙasa masu nauyin kilo 21 da rabi. Daga 1969 zuwa Disambar 1972 an sauka sau shida, mutum 12 suka taka wata, jimillar abin da suka kawo kilo 382. An rarraba wa masana a ƙasashe da yawa sun bincika, har yau ana binciken. Sun tarar duwatsun sun bambanta da na duniya: babu alamar ruwan sama ko iska sun taɓa cin su, kuma jikinsu akwai 'yan ƙananan ramuka na ƙurar sararin samaniya da ke faɗa musu da gudu. Tarayyar Sobiyet ma ta aika na'ura marar mutum, Luna 16, ta ɗebo 'yar ƙasar wata a 1970, aka kwatanta, aka ga sun dace.

Ta biyu, abokin gaba. Tafiyar nan tsere ce tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, wato Rasha da ƙasashen da ke tare da ita a da. Sobiyet ce ta fara harba tauraron ɗan Adam, Sputnik, a 1957, ita ce kuma ta fara tura mutum sararin samaniya, Yuri Gagarin, ranar 12 ga Afrilun 1961. A makon da Apollo 11 ke can, na'urarta Luna 15 tana kewaya watan, har ta faɗi ta tarwatse ranar 21 ga Yuli. Ƙasar da ke da irin wannan ƙwarewa, wadda kuma ba abin da take so kamar ta ga Amurka ta kunyata, ba ta taɓa cewa ƙarya ce ba. Ku yi tunani: ƙungiyar ƙwallon garinku ta ce ta ci kofi alhali ba a buga wasan ba, abokan hamayyarta za su yi shiru?

Ta uku, madubi. 'Yan sama jannatin sun bar wani faranti mai ƙananan madubai a can. Har yanzu masana a Amurka da Faransa suna harba masa haske mai ƙarfi daga ƙasa, ya dawo cikin kusan daƙiƙa biyu da rabi. Da wannan awo ne aka tabbatar wata yana ƙara nisa da mu da kimanin santimita 3.8 kowace shekara.

Ta huɗu, hotunan baya-bayan nan. A 2009 da 2011 wani kumbo marar mutum da ke kewaya wata ya ɗauko hotunan wuraren da aka sauka, ana ganin gindin kumbon da aka bari, da sawun hanyar da mutanen suka bi. Sawun bai goge ba domin babu iska babu ruwan sama a can. In kun ce ai na Amurka ne, to kumbon Indiya, Chandrayaan-2, shi ma ya ɗauko hoton inda Apollo 11 ya sauka a 2021.

Yanzu bari mu zo kan abin da masu bidiyo suka fi kafa hujja da shi. Suna cewa me ya sa tuta take a miƙe kamar iska na kaɗa ta, alhali babu iska? Amsa ita ce an sa wani ƙarfe a saman tutar don ya riƙe ta, da ma an san in ba haka ba za ta lanƙwashe. Suna cewa me ya sa babu taurari a hotunan? Wannan za ku iya gwadawa yau da daddare. Ku tsaya ƙarƙashin fitila mai haske, wani ya ɗauke ku hoto da waya. Za ku fito sarai, amma sama za ta fito baƙa, ko da kuwa taurari sun cika ta. Kyamarar da aka saita don abu mai haske ba ta kama abu mai dusashewa. A wata kuwa da rana aka ɗauki hotunan, ƙasa na ƙyalli, tufafin mutanen farare fat. Suna kuma cewa in da gaske ne me ya hana a yi ta komawa bayan 1972? Kuɗi ne. Shirin Apollo ya ci kimanin dala biliyan 25 na wancan zamani, da aka ci tseren sai 'yan siyasar Amurka suka ga babu dalilin ci gaba da zuba irin wannan dukiya. Ga kuma haɗari: a Janairun 1967 gobara ta kashe 'yan sama jannati uku a wurin gwaji, a Afrilun 1970 kuma da ƙyar mutanen Apollo 13 suka dawo da rai bayan tankin iskarsu ya fashe a hanya.

Kada ku ɗauka masu ƙaryatawa ne kawai ke yaɗa ji-ta-ji-ta. Akwai labarai biyu da mu kanmu muka taɓa gaskatawa don sun yi mana daɗi ko sun yi kama da gaskiya.

Na farko shi ne ciwon idon nan da har yau kuke kira Apolo. Ya ɓulla a Ghana a 1969, ya bazu zuwa Nijeriya da sauran ƙasashe. Da yake ya zo daidai da tafiyar, sai mutane suka ce ƙurar wata ce aka kwaso ta addabi duniya, sunan ya bi shi. Daga baya likitoci suka gano ƙwayar cuta ce da ake ɗauka ta hannu da tawul da ruwan wanke fuska. Abu biyu su faru a lokaci guda ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗayan. Wanda ya yarda ƙurar wata ce ba zai ga dalilin wanke hannu ba, kun ga ashe kuskuren fahimta yana iya kai mutum asibiti.

Na biyu shi ne labarin da ya yaɗu a ƙasashen Musulmi cewa Armstrong ya ji kiran salla a wata, daga baya ya musulunta. Mun ji shi a majalisu da yawa, mun kuma maimaita shi. Amma shi mutumin da kansa ya musanta, har Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta fitar da sanarwa a 1983 cewa ba haka ba ne. Malamanmu na addini sun koya mana a tantance labari kafin a yaɗa shi, kuma gaskiya ba ta buƙatar a tallafe ta da ƙarya. Ma'aunin da muka auna bidiyon yayan 'yarmu da shi, da shi za mu auna labarin da ya yi mana daɗi.

Akwai wani abu kuma da ba mu sani ba muna yara, wanda da mun san shi da ba mu ɗauki tafiyar a matsayin harkar Turawa zalla ba. Ƙasarmu tana cikin labarin. Kafin a kai ga Apollo, Amurka ta yi shirye-shirye biyu na koyon tafiya, Mercury da Gemini. Kumbo yana kewaya duniya cikin kimanin minti 90, saboda haka ana buƙatar tashoshi a sassan duniya da za su riƙa magana da shi yayin da yake wucewa. Ɗaya daga cikin tashoshin nan a Kano aka kafa ta, wata kuma a Zanzibar. Ranar 20 ga Fabrairun 1962, da John Glenn ya zama Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya, tashar Kano tana cikin waɗanda suka bi sawunsa. Ranar 23 ga Agustan 1963 kuma, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shugaba John Kennedy suka yi magana ta waya ta hanyar tauraron ɗan Adam mai suna Syncom 2, ta wani jirgin ruwa da ke tsaye a tashar Legas. Shi ne karo na farko da shugabannin ƙasashe biyu suka zanta ta wannan hanya. Har Alhaji Mamman Shata sai da ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa, alamar cewa labarin ya shiga ko'ina a ƙasar Hausa.

Mun kuma gane cewa mutum uku ne suka tafi, amma kimanin mutum 400,000 ne suka yi aikin. Akwai injiniyoyi da maƙera da masu ɗinkin tufafin 'yan sama jannati, waɗanda mata ne da keken ɗinki, sana'ar mai rediyonmu. Akwai Katherine Johnson, baƙar fata, gwanar lissafi, wadda John Glenn ya nemi ta sake duba lissafin kwamfuta da hannunta kafin ya tashi. Akwai Margaret Hamilton, wadda ta jagoranci rubuta umarnin da kwamfutar kumbon ke bi. Wannan kwamfuta, mafi arahar waya mai intanet da ke kasuwar Haɗejia a yau ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Ana dab da sauka ta riƙa ƙarar gargaɗi don aiki ya yi mata yawa, Armstrong kuma ya ga wurin da ta nufa cike yake da duwatsu, ya karɓi tuƙi ya nemi fili. Man da ya rage musu kafin a ce su fasa saukar bai kai na minti ɗaya ba. 'Yan mata da ke gudun darasin lissafi, ku riƙe sunayen matan nan biyu.

Wataƙila wani ya ce, to mu da ke fama da ambaliya da tsadar taki, me ya dame mu da wata? Tsohuwar nan ta unguwarmu ma da ɗanta ta damu, kuma tana da gaskiya. Amma ku dubi abin da ya biyo baya. Ilimin da aka tara a wancan tsere ya taimaka ƙwarai wajen bunƙasa taurarin ɗan Adam da ake hasashen damina da su a yau, da waɗanda ke nuna wa direba hanya a waya. Nijeriya ta kafa hukumar binciken sararin samaniya a 1999, ta harba tauraronta na farko, NigeriaSat-1, a Satumbar 2003. A 2011 aka harba NigeriaSat-X, wanda injiniyoyi 'yan Nijeriya suka haɗa a Ingila. Daga sama ake iya ganin yadda ruwan da ya taso daga madatsun Tiga da Challawa ke bin Kogin Haɗejia, inda kachalla ta toshe hanyarsa, da garuruwan da zai fara shiga. Duk wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 a Kafin Hausa da Auyo da Haɗejia ya san darajar gargaɗin kwana biyu kafin ruwa ya iso. Hotunan suna nan. Abin da muke ƙaranci shi ne 'ya'yan yankin nan da za su iya karanta su, su fassara wa manomi da masunci da harshensu, kamar yadda malaminmu ya manna kunne da rediyo ya fassara wa shagon tela. A zamaninmu sai an yi tafiya mai nisa kafin a ga jami'a. Ku kuwa ga Jami'ar Sule Lamido a cikin garin Kafin Hausa tun 2013.

Sauran ƙasashe ba su tsaya gardama ba. Sin ta sauke na'ura a bayan wata, gefen da ba ma gani daga nan, a 2019, ta kuma ɗebo ƙasarsa a 2024. Indiya ta sauke tata kusa da ƙuryar kudancin wata ranar 23 ga Agustan 2023.

Saboda haka 'yata ta Auyo, amsarmu ita ce an je, kuma malaminki ya faɗi gaskiya. Amma kada ki raina yayanki. Shakka ba laifi ba ce, matambayi ba ya ɓata. Laifin shi ne mutum ya yi shakka ya kwanta a kanta, bai bincika ba. Ki kai masa wannan shafi cikin ladabi, ki ce, "Yaya, zo mu gwada hoton nan na taurari tare."

Ga aikin gida na wannan mako, kashi uku. Na ɗaya, lissafi: motar da ke gudun kilomita 100 a awa, ba tsayawa dare da rana, kwana nawa za ta yi kafin ta cinye kilomita 384,400? Ku kwatanta da Apollo 11 da ya tashi ranar 16 ya sauka ranar 20. Na biyu: nauyin abu a wata kashi ɗaya ne cikin shida na nauyinsa a duniya. Buhun shinkafa mai kilo 50, kamar kilo nawa za ku ji shi in kun ɗauka a can? Na uku, wanda ya fi muhimmanci: ku nemi kaka ko wani dattijo a unguwarku da ya haura shekara 65, ku gaishe shi, ku tambaye shi inda yake lokacin da aka ce an sauka a wata, wa ya gaya masa, kuma me mutane suka ce. Ku rubuta abin da ya faɗa yadda ya faɗe shi, kada ku yi masa gyara a gabansa. In kun koma gida sai ku gwada da ranaku da lokutan da muka kawo a nan, ku ware abin da ya dace da abin da tsawon zamani ya cuɗanya. Masu irin wannan labari suna ƙarewa. Cikin manyan da suka zauna a shagon tela a daren nan babu ko ɗaya da ya rage, Armstrong ya rasu a 2012, Collins a 2021.

Ku aiko mana da abin da kuka samo, tare da sunan makarantarku da ajinku. Za mu buga uku da suka fi tsari. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.